Wai ba gara soja ya dawo ba? Amsa ga ƙanena mai adaidaita

Wani ƙanena ne, matashi mai digiri da yanzu yake jan adaidaita sahu tsakanin Kabuga da Bata, ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, kai da kake koyar da siyasa, tsakaninka da Allah me dimokuraɗiyyar nan ta tsinana mana tun 1999? Ga Nijar da Burkina can sun yi waje da 'yan siyasa, mu me muke jira? Ba gara soja ya dawo ba?"

Toh ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa nema albarka. Na daɗe ina koyar da kimiyyar siyasa, kuma tun 2007 kusan ba zaɓen da ban tsaya a bakin akwati ina sa ido ba a cikin garin nan, saboda haka abin da zan faɗa maka rabi daga aji ne, rabi daga rana da ƙura.

Ba zan raina maka hankali ba, haushinka a kan hanya yake. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haye 1000, kai da kake tsayawa gidan mai kullum ka fi ni sanin wannan karatun. A watan Disamba 2024 alƙaluman gwamnati da kansu sun ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a lokacin da buhun shinkafa ya fi haka kuɗi. Duk wanda ya zo yana yi wa mai jin yunwa lacca a kan daɗin 'yanci, to bai san yunwa ba.

Amma bari in tambaye ka, wai ma me dimokuraɗiyya ta yi alƙawarin za ta ba ka? 'Yan siyasa ne suka ƙirƙiro maganar romon dimokuraɗiyya, suka sa muka ɗauka tukunya ce da za a riƙa zuba wa kowa. Ita abu ɗaya ta mallaka wanda sauran tsare-tsaren ba su da shi: in shugaba ya gaza za ka iya sallamarsa ba tare da an zubar da jini ba. Shikenan. Titi da asibiti da taki duk ta wannan ƙofar suke shigowa, don mai mulki ba ya yin aiki saboda yana son ka, yana yi ne saboda tsoron ranar da za ka ce masa ya tattara.

Kuma in akwai garin da ya san daɗin wannan ƙofar, Kano ce. A 2003 gwamna mai ci, Kwankwaso, wanda jam'iyyarsa ke riƙe da Abuja, ya faɗi zaɓe a hannun Malam Ibrahim Shekarau, tsohon malamin makaranta kuma ma'aikacin gwamnati. A 2011 mutanen nan dai suka sake dawo da Kwankwaso. A 2023 suka kayar da jam'iyya mai mulki a jiha. Ka koma baya ma, 12 ga Yuni 1993, Abiola ya ci Bashir Tofa a Kano, mahaifar shi Tofa ɗin. A matakin ƙasa kuma 2015 Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, akwai ƙasashe a nahiyar nan da yaro zai girma ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai taɓa ganin hoton wani shugaba daban a bangon ofis ba.

To ina matsalar take? Masu mulki na zamanin nan, ba a Najeriya kaɗai ba, sun gano ba sai sun soke zaɓe ba. Ƙofar tana nan kowa yana ganinta, sai dai an sa mata kwaɗo ta ciki, kuma kwaɗon ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda ake kullewa tun kafin ka fito da katinka, wato zaɓen fid da gwani. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50, a PDP na shugaban ƙasa miliyan 40. Kuɗin takarda kawai kenan, ba a zo kan daliget ba, wato wakilan jam'iyya masu zaɓar ɗan takara, waɗanda ake kwasa a zuba a otal a kwace musu waya a riƙa bi ɗaki ɗaki da jaka, kowa a garin nan ya san wani daliget da ya dawo daga Abuja ya canza mota ko ya ƙara aure. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce mai neman shugaban ƙasa kar ya kashe fiye da naira biliyan 5, mai neman gwamna biliyan 1, yo wa yake lissafawa? A 2018 an rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, muka yi ta murna, amma an rage shekaru ne ba a rage kuɗi ba, sai ya zamana matashin da ya amfana ɗan wane ne ko yaron wane. Mutumin da ya sayar da gida ya ci bashi ya sayi tikiti ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba, kuma ɗan Kwari ma ya san ba a zuba jari don a yi asara. In kuma uban gida ne ya biya masa, to ranar da buƙatarka da ta uban gida suka yi karo ka san wanda zai saurara. Kai ranar zaɓe za ka dangwala ne a tsakanin mutum biyu ko uku da wasu 'yan tsiraru suka riga suka zaɓar maka.

Ka kwatanta da NEPU da aka kafa a garin nan ranar 8 ga Agusta 1950. Teloli ne da 'yan koli da ƙananan malamai da masu sana'ar hannu, su suke karo-karo su riƙe jam'iyya, a kama su a ɗaure a yi musu bulala su fito su ci gaba, saboda akwai abin da suke so a canza: haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin 'yan doka. Ba ina cewa mala'iku ne ba, PRP ma da ta ci Kano a 1979 ba ta daɗe ba ta dare gida biyu, santsi da taɓo. Amma a lokacin ɗan jam'iyya ne yake ciyar da jam'iyya, don haka yana da bakin magana. Yanzu jam'iyya ce take ba ka kuɗin mota ka zo taro, to wanda aka biya wa kuɗin mota ina ya ga bakin tambaya? Shi ya sa sauya sheƙa ta zama kamar canza riga. Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyar ta rabu, sai kowa ya riƙa ƙirƙiro rabuwa ranar da zai tafi, gwamna kuwa ko wannan sharaɗin ba a ɗora masa ba.

Sai ranar zaɓen kanta. Akwai abin da na gani a wata rumfa a cikin gari da har yau yake dawo min. Mata sun yi layi tun bayan asuba, wasu da goyo, rana ta take, a bayan katangar makarantar wani yaro yana zaune kan benci da kwalin taliya da sabulu, duk wadda ta dangwala sai ta zagaya ta can. Wata tsohuwa ta fito da taliya biyu a ƙarƙashin mayafi, ta ga rigar masu sa ido a jikina, maimakon ta ɓoye sai ta tsaya ta ce, "Ɗan nan kar ka rubuta ni, wannan ita ce rabona a wajensu sai kuma bayan shekara huɗu." Wallahi ban iya ce mata komai ba. Mu 'yan boko muna saurin cewa jahilci ne, alhali lissafi ta yi kuma lissafinta daidai ne a kan abin da ta gani a rayuwarta, ta zaɓa don Allah ba ta ga komai ba, ta zaɓa don taliya aƙalla jikokinta sun ci abincin dare. Talauci yana karya farashin ƙuri'a, wanda ya saya da araha kuma ba shi da dalilin rage talaucin. A 2023 da aka shiga wahalar canjin kuɗi aka ce ai an toshe sayen ƙuri'a, sai aka koma taliya da atamfa da taransifa.

Kwaɗo na gaba kotu. A nan ba na goyon kowa, lissafi kawai zan ba ka. A zaɓen gwamna na 2019 Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammalu ba, inkonkulusib ɗin da har yara suka haddace, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, kowa ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama, Ganduje ya ci da tazarar da ba ta kai 9,000 ba. A 2023 hukumar zaɓe ta ce Abba ya samu 1,019,602, Gawuna 890,705. Watan Satumba kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 ta ce ba hatimi ba sa hannu a bayansu, ta ba Gawuna, kuma ta intanet alƙalan suka karanta hukuncin, ba su zauna a zauren ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Nuwamba, sai takardar hukuncin ta fito da wani sashe da yake faɗin akasin abin da aka karanta, aka ce kuskuren rubutu ne. Sai 12 ga Janairu 2024 kotun ƙoli ta mayar wa Abba. Wata goma gari yana zaman ɗar-ɗar. Ko wane ɓangare kake, ka tsaya ka duba abin da mai ƙuri'a a Kurna ko Ɗorayi ya koya: ya sha rana ya dangwala, amma ƙuri'arsa ta dogara da ko wani ma'aikacin wucin gadi ya tuna ya buga hatimi, da kuma wanda ya fi manyan lauyoyi. Rikicin masarauta ma da ya biyo baya a 2024, kotun tarayya ta ba da umarni kotun jiha ta ba da kishiyarsa, ya ƙara koya wa mutane cewa kowa da kotunsa.

Sakamakon yana cikin alƙaluma. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito zaɓen shugaban ƙasa. A 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ne a rajista, kusan kashi 27 kawai suka fito, mafi ƙaranci tun 1999, kuma wanda ya ci ya ci ne da ƙuri'a miliyan 8.79 a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. An kawo BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta rage aringizo sosai, wannan gaskiya ne, na gani da idona, amma da aka kasa ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafin hukumar a daren zaɓe kamar yadda aka yi alƙawari, sai ɗan amanar da ta fara tsirowa ta bushe. Kuma rashin fitowar nan daɗi yake yi wa mai sayen ƙuri'a, in mutum ɗari ne za su fito a akwati maimakon ɗari biyar ai cefanen ya yi sauƙi.

Maganar waya ba zan daɗe a kanta ba don kai ma kana ciki. Da sojojin baka a rediyo suke, ka san muryarsu ka san gidansu, yanzu yaro ne za a saya wa data ya kwana yana zagin sa'an ubansa a Facebook da TikTok, ga sautin murya na WhatsApp da ba a san wanda ya yi ba yana yawo daga waya zuwa waya. Wannan ciwon har manya ya kama, 6 ga Janairu 2021 magoya bayan Trump suka afka majalisar Amurka don an gamsar da su cewa an sace zaɓe, 8 ga Janairu 2023 aka maimaita a Barazil. In mutane ba su yarda da lissafi ɗaya ba, wanda ya faɗi ba zai taɓa yarda ya faɗi ba.

Yanzu ga sojanka. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024 na ga yara a kan titi da tutar Rasha, fari da shuɗi da ja, na tsayar da wani da bai wuce shekara sha biyar ba na ce tutar wace ƙasa ce, ya ce "ta soja ce Baba." Aka sa dokar hana fita, aka kwashi yara aka kai Abuja, ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su wasu suna faɗuwa a gaban alƙali don galabaita, sai da duniya ta yi ca aka sake su. Ranar na ji kunya a matsayina na mai kare tsarin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Amma leƙa maƙotan da kake sha'awa. Haushin da suke ji na Faransa gaskiya ne, kuma korar sojojin Faransa daga Nijar a ƙarshen 2023 ta faranta wa mutane da yawa rai har a nan Kano. Sai me ya biyo baya? Janar Tchiani da ya kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, a Maris 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar aka rushe jam'iyyu. Kyaftin Traore na Burkina a Mayu 2024 aka ƙara masa shekara biyar. A Mali an sa zaɓe Fabrairu 2024 aka ɗage, a 2025 aka rushe jam'iyyu aka ba Goita, sojan da ya ƙwace mulki, shekara biyar da za a iya sabuntawa. Ban ce ba za su yi wani abin kirki ba. Tambayata ita ce in ba su yi ba, ta ina za a ce su sauka? Sai dai wani mai bindigar ya zo, kamar yadda Burkina ta ga juyin mulki biyu a 2022 kaɗai.

Mu ma ai ba labari aka ba mu ba, kusan shekara 29 soja ya yi yana mulkin ƙasar nan. Gowon ya yi alƙawarin miƙa mulki a 1976, da 1974 ta zo ya ce ba zai yiwu ba. Babangida ya yi ta ɗage rana har ya soke zaɓen 12 ga Yuni. Abacha jam'iyyu biyar aka yi a zamaninsa duk biyar ɗin suka tsayar da shi a 1998, kuma har yau ana dawo da kuɗin da aka fitar a lokacin daga bankunan Turai. Doka ta 4 ta 1984 ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Karyewar naira da kake kuka da ita ma a hannun soja ta fara, da shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986. Na san abin da za ka ce, Audu Bako, gwamnan Kano a zamanin soja. Haka ne, daga 1967 zuwa 1975 ya yi dam ɗin Tiga da Bagauda da abubuwan da har yau muke ci, ko da yake shi ɗan sanda ne ma. Amma dace aka yi, ba mu muka zaɓo shi ba, kuma da mugu aka turo mana haka za mu zauna da shi. Wannan tambayar da ka turo min a fili da sunanka, ka gwada rubuta irinta a Wagadugu, babban birnin Burkina, kana cewa gara farar hula, can an sha kwasar masu suka a tura su fagen daga.

In misali kake nema na matasa da suka fusata suka kuma ci riba, Senegal za ka duba. Fabrairu 2024 shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe, mutane suka fito, majalisar alƙalan tsarin mulki ta ce ɗagewar haramtacciya ce, shi kuma ya bi. Ɗan adawa Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓe, ya ci a zagayen farko yana ɗan shekara 44. A Ghana Disamba 2024 tsadar rayuwa ta kayar da jam'iyya mai mulki, ɗan takararta Bawumia ya amsa faɗuwa tun kafin sanarwa. Yunwa iri ɗaya ce da tamu, bambancin alƙalan da suka tsaya da masu ƙuri'ar da suka fito da yawan da ba a iya saye.

Akwai kwaɗo ɗaya da na bari a ƙarshe don shi ya fi kusa da ƙofar gidanku, ƙaramar hukuma. Kano tana da 44, mazaɓu 484. A 2018 da 2021 APC tana mulki ta cinye 44 cif, a Oktoba 2024 NNPP tana mulki ta cinye 44 cif, kuma haka ake yi a kusan kowace jiha, duk jam'iyyar gwamna ita ce mai sa'a. A garin da ake raba ƙuri'ar gwamna kusan biyu, wai a ce ko ciyaman ɗaya 'yan adawa ba su da shi? Ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hukunci mai kyau, amma ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora ko an sa masa kuɗin a aljihu ya san inda zai kai.

Abin da yake ɗaure min kai shi ne mu fa mun iya bin diddigi in kuɗinmu ne. Bara taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi wata biyu a duhu, aka kafa kwamiti kowane gida naira 3,000. Duk Juma'a bayan isha'i ma'aji yake tsayawa a ƙofar masallaci da littafinsa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ranar da lissafi ya ƙi haɗuwa da naira 40,000 wani dattijo mai sayar da itace ya miƙe ya ce, "Alhaji, da girmanka, amma a ba wani littafin." A take aka canza shi, ba zagi ba faɗa, washegari ma tare suka yi sallar asuba. A wannan zaman na ce jama'a wai waye kansilanmu, cikin mutum kusan talatin biyu ne suka san sunansa, ɗaya ma don surukinsa ne. Muka nemo lambarsa muka kira shi, ya ce yana tafe, sai a kira na huɗu ya zo, ya zauna a kan tabarma yana ta gumi yana cewa wallahi shi ma albashi kawai yake gani, ko kwata ba shi da ikon gyarawa sai an sa hannu daga sama. Na yarda da shi. Amma dattijon nan ya ce to ya je ya faɗa wa saman cewa wata mai zuwa ciyaman muke son gani a kan tabarmar nan.

Kai ma kafin ka sake turo min maganar soja, turo min sunan kansilan mazaɓarku da abin da ƙaramar hukumarku ta samu daga asusun tarayya a watan jiya, ana wallafa shi duk wata, da datar naira 200 za ka gani. In ka samo ka biyo ta gida da yamma bayan ka ajiye mashin, mu zauna mu lissafa rijiyar burtsatse nawa zai haƙa.